Kurakuran da aka fi yi wajen kallon tsuntsaye a dajin mangurof

Dajin mangurof, wato itatuwan nan da ke tsiro cikin taɓo inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, ruwa ne ke da iko da shi. Yawancin masu komawa gida suna cewa ba su ga komai ba, lokaci suka kuskure.

A mafi yawan gaɓar teku, ruwa kan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin kusan awa 24 da minti 50. Saboda haka lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Wanda aka gaya wa an ga tsuntsaye da ƙarfe bakwai na safe, ya zo bayan kwana huɗu a daidai wannan lokaci, ya yi kuskuren fiye da awa uku. Idan ruwa ya janye sarai, tsuntsayen suna can nesa a bakin ruwa, sai ɗigo-ɗigo kake hangowa. Idan ya cika fal, sun tashi zuwa wurin hutawarsu. Gyaran shi ne ka duba jadawalin cikar teku na wurin tun kafin ka sa rana, ka iso awa biyu zuwa uku kafin cikar, ka nemi wuri ka zauna rana tana bayanka. Ruwan da ke tahowa shi zai koro maka su sannu a hankali. Kwanakin tsayuwar wata da na cikar wata ruwa ya fi hawa, tsuntsaye kuma sun fi matsowa.

Jadawalin nan har rai yake tsarewa. Ruwa ba da gudu ɗaya yake hawa ba: kusan rabin abin da zai ƙaru cikin awa shida, a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Kuma kwazazzaban da ke bayanka kan cika kafin filin da kake tsaye a kai, sai ka waiwaya ka ga hanya ta yanke. Masu kwale-kwale kuwa janyewar ruwa ce ke kama su, su kafe cikin laka har sai ruwa ya dawo.

Wani kuskuren kuma shi ne sauka daga gadar katakon da aka yi wa masu ziyara don a matsa kusa da tsuntsayen. Taɓon nan yana iya haɗiye ƙafa har gwiwa. Ƙananan tsinkayen da ke tsattsaye a ƙasa kamar fensir saiwoyi ne, da su itacen ke shaƙar iska, domin lakar ba ta da isasshiyar iska. Kowane taku karya su yake yi. A yankunan da kada yake, kamar Sundarbans na Indiya da Bangaladash ko arewacin Ostareliya, tsayawa a bakin ruwa ganganci ne.

Wani abin da ke damun masu kula da wuraren nan shi ne tayar da garken tsuntsaye don a ɗauki hotonsu a sama. Da yawan tsuntsayen baƙi ne masu doguwar tafiya. A 2022 an bi sawun wani tsuntsun bakin ruwa da ya tashi daga Alaska ta Amurka ya sauka tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, fiye da kilomita 13,000 cikin kwana 11 ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. Kitsen da irinsa ke tarawa a kan taɓo shi ne guzurinsa, kowane tashin firgita kuwa ragi ne. Idan ka ga sun daina kiwo sun ɗaga kai suna dubanka, ka yi kusa da yawa, ja da baya. Kunna musu kukan tsuntsu a waya ma damuwa ce, balle lokacin sheƙa. Biri kuma kada a ba shi abinci. Wanda ya saba zai fara fizge jakar mutane.

Batun kaya: madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai kusanto da abu ninki takwas, ya wadatar. Kada ka goge gilashinsa a bushe bayan iskar teku ta buge shi, gishiri da rairayi za su karce shi. Hure ƙurar tukuna, sannan ka bi da ƙyalle mai laushi da ɗan ruwa mai daɗi. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana cin roba, don haka wanke tafin hannunka kafin ka riƙe madubi ko kyamara. Sa riga mai dogon hannu, mara launi mai ɗaukar ido, domin sauro da ƙananan ƙwari masu cizo sun fi yawa da asuba da magariba.

Mutane da yawa kuma sama kaɗai suke kallo, suna ta sauri. Tsaya cik minti biyar zuwa goma ka dubi taɓon. Ƙaguwa mai ƙaton hannu ɗaya za ta fito daga raminta, kifayen nan masu tsalle a kan laka za su ci gaba da harkarsu, zalɓen da ka ɗauka reshe ne zai motsa wuya.