Yadda za ka gane tarihin rabuwar Biyetnam ba tare da ka rikice ba

Kar ka fara da yaƙin Amurka, nan mutane ke ɓata wallahi. Fara da Faransa, su ne 'yan mulkin mallakan. Riƙe 1945, shekarar da Ho Chi Minh, ɗan kwaminisanci, ya shelanta 'yancin kai a Hanoi, Faransa ta ce ba ta san zancen ba, aka gwabza har Janar Giap, kwamandan sojojin Ho, ya lallasa Faransawa a Dien Bien Phu a 1954.

To sai ka ɗauko taswira ka ja layi a tsakiya, haka aka yi a taron sulhu na Geneva, Arewa ta Ho, Kudu ta Ngo Dinh Diem da Amurka ke goya wa baya, shi kuma Diem ya ƙi zaɓen 1956 na sake haɗe ƙasar ƙememe. Yanzu ka karanta yaƙin Amurkan, har faɗuwar Saigon, babban birnin Kudu, a 1975.