Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Ƙwan Fitilar Mota

Duk mai wayarin ya gaji da jin wannan ƙorafi: an sayi sabon ƙwan fitila, kwali ya ce haskensa ya ninka na da, amma da dare ya yi sai direba ya ga ba abin da ya canza, ko ma ya ragu. Galibi laifin ba na motar ba ne. Mai saye ne ya karanta kwali ya bar ƙwan.

Kuskure na farko, kuma wanda ya fi cin kuɗin mutane, shi ne yarda da kwali. A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka ƙwai yakan bi hannu da yawa kafin ya iso gare ka. Wani ya saya ya gwada ya dawo da shi, yaron shago ya mayar da shi kwalin da ya tarar, ga kuma masu zuba jabu a kwali mai kyau da gangan. Gaskiyar ƙwai tana gindinsa, a jikin ƙarfen ko robar da ke riƙe da gilashin. A nan ake buga sunan kamfani, nau'i, bolt da wat, da kuma harafin E mai lamba a cikin da'ira, kamar E1 na Jamus. Buɗe kwalin a gaban mai shago ka haɗa rubutun biyu. Nau'in H4 ƙafa uku ne da zare biyu (siririyar wayar da ke kamawa a cikin gilashi), dim da ful a ƙwai ɗaya, wat 60/55. H7 ƙafa biyu ne, zare ɗaya, wat 55. Lambar kaya ma tana tona asiri: H7 na Osram mai bolt 12 lambarsa 64210, na Philips 12972; H4 kuwa 64193 da 12342. In ka ga 64196 ko 13342, H4 ne na manyan motoci mai bolt 24. Ka sa shi a ƙaramar mota zai kama, amma ja-ja kamar garwashi, ka yi ta zargin batir a banza. Idan mai shago ya hana a buɗe, ni dai shawarata ka bar masa kayansa.

Akwai masu kama da juna da ke ruɗa har makanikai. Corolla ta Amurka ƙirar 2003 zuwa 2008 tana amfani da 9006 a dim, 9005 a ful, kuma kunnuwansu sun ɗan bambanta da gangan don kada a musanya. Haka H8 mai wat 35, H11 mai 55 da H9 mai 65. Sai ka ga an ɗauko reza ana fere kunnen ƙwai don ya shiga dole. Haba malam! Abin da ya ƙi shiga ramin, ba na ramin ba ne. Ka tafi kasuwa da tsohon ƙwanka a aljihu.

Na biyu shi ne rashin fahimtar rubutun +100% ko +150%. Ko a kayan asali, wannan ba ya nufin ƙwan yana fitar da haske ninki biyu. Ƙa'idar Turai ta ƙayyade H7 a lumen 1,500 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), da sassaucin kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. H4 kuma 1,650 a ful, 1,000 a dim. Ƙwan da ya wuce iyakar ba zai sami alamar E ba. Abin da kamfani ke yi shi ne ya matse zaren ya ƙara masa zafi, madubin cikin fitila ya fi tattara hasken, sai a auna wani gurbi a kan hanya a kwatanta da mafi ƙarancin abin da doka ta yarda. Shi ya sa akwai kalmar "har zuwa" a gaban lambar, da ƙaramin rubutu. Ƙarin na gaske ne, ana ganinsa, amma ana biyansa da rai: irin waɗannan ƙwai sun fi na yau da kullum saurin mutuwa. Mai doguwar tafiyar dare ya saya ya ajiye na ko-ta-kwana. Ɗan tasi na cikin gari ya nemi mai dogon kwana.

Yanzu ga wanda ke ba ni haushi: lumen ɗin ƙwan LED. Kwali ya ce lumen 20,000, wani ma 50,000, mutum ya biya yana murna. Ka yi lissafi mana. Ɗauki mita ka auna wutar da ƙwan ke ja bayan ya yi minti goma a kunne. A ce ya ja ampa 2 a bolt 13, wat 26 ke nan. Kafin wat 26 ya ba da lumen 20,000 sai kowane wat ya haifi kusan 770, alhali iyakar da ilimin haske ya tabbatar ita ce 683, kuma ba fitilar da ta kusanci hakan. LED na kirki a cikin mota yana kewayen 100 a kowane wat, wato ƙwan nan bai wuce 2,500 zuwa 3,000 ba. Ƙwan zinon D2S na masana'anta mai wat 35 lumen 3,200 yake bayarwa, kuma kowa ya san haskensa. Masu kwalin sukan haɗa na ƙwai biyu, su ɗauki lambar lokacin da yake da sanyi, su ƙara son ransu a kai.

Ko da lumen ɗin gaskiya ne, da sauran magana. An ƙera madubin fitila ne don zare siriri da ke zaune a wuri ɗaya tak. LED mai kauri, ko mai haske ta fuska huɗu, yana watsa haske sama da gefe. A gaban bamba ka ga fari tas, a mita 60 duhu, mai tahowa kuwa ka kashe masa ido a hanya mai hannu biyu. Wannan ɗaukar alhakin rayuka ne, ba kwalliya ba. In dole sai LED, nemi mai siraran idanu a fuska biyu, ka zaunar da shi suna kallon dama da hagu, ka tabbata fankarsa na samun iska, sannan ka gwada a bango. Idan layin da ya raba haske da duhu ya ɓace, cire shi.

Ƙwai mai wat 100/90 a ramin 60/55 yana jan sama da ampa 8 maimakon kusan 5. Soket ya narke, makunni ya ƙone, madubi ya dushe. Ƙara girman fis ba gyara ba ne, neman gobara ne.

Lambar 6000K launi ce, ba ƙarfi ba. Halojin na kusan 3200K, kuma shuɗin fentin da ake shafa wa gilashi don ya yi fari tace haske yake yi. A hazon hunturu ma mai ɗan rawaya ya fi daɗin ido.

Kafin ka zargi ƙwai, auna wutar da ke isa gare shi. Tada mota, kunna fitila, auna kan batir, ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. Sai ka auna a bakin soket. In bambancin ya wuce rabin bolt, akwai tsatsa a wayar ƙasa ko makunni ya gaji. Ragin kashi 5 cikin ɗari a bolt yana cinye kusan kashi 15 na haske, kuma rile (makunni mai aiki da lantarki) da waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fis a kai, suna dawo da shi. In kuma wutar ta haura 15, caji ne ya yi yawa, shi ke kashe maka ƙwai wata-wata.

Kada ka taɓa gilashin halojin da yatsa. In ka taɓa, goge da sifirit. Canza ƙwan dama da na hagu tare. Murfin fitila da ya yi rawaya a goge shi kafin a sayi komai. Motar da aka juya wa sitiyari daga Ingila ko Japan fitilarta na ɗaga haske ta hagu, wato cikin idon masu tahowa tunda mu dama muke bi, kuma maganinta canza gidan fitilar gaba ɗaya.

Bayan kowane canji a daidaita. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, tayoyi da iska daidai. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama a bango. Duba jikin gidan fitilar, galibi za ka ga an buga 1.0% ko 1.2%. Idan 1.0% ne, layin dim ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar; idan 1.2% ne, santimita 12. Rufe fitila ɗaya da kwali ka murɗa sukurun ɗayar har ta zauna, sannan ka koma kan ta biyun.