Darasi na Tara: Ƙofar Raga ta Lalace a Gidan Haya, Wa Zai Gyara?

Ƙofar raga, wadda wasu ke kira ƙofar waya, ita ce ƙofa ta biyu marar nauyi da ake sanyawa a gaban babbar ƙofar ɗaki, domin iska da haske su shiga ba tare da sauro da ƙuda sun biyo su ba. Ba ta da sassa da yawa: akwai firam na katako ko alminiyam ko ƙarfe, akwai ragar kanta, akwai hinji da ke riƙe ƙofar a jikin bango, akwai sakata ko mariƙi, sannan a wasu akwai sifirin da ke mayar da ita ta rufe da kanta bayan an wuce. Da yake ita ce ake buɗewa ana rufewa fiye da kowace ƙofa a gida, kuma ita ce rana da ruwan sama suka fi duka, takan riga sauran lalacewa. Daga nan gardama ke tashi, mai gida ya ce a hannun ɗan haya ta yage, ɗan haya ya ce gidan ai ba nasa ba ne.

Kada a raina wannan gyara don ƙanƙantarsa. Sauron da ke ɗauke da zazzaɓi ya fi cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba, lokacin da mutane ke cikin ɗaki, kuma ɓular da yatsa zai shiga ta ishe shi hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin mutum 597,000 a shekarar 2023, kuma tun 2021 ta sanya rufe ƙofofi da tagogi da raga cikin shawarwarinta na rigakafi. Duk daren da aka kwana ana jayayya a kan wanda zai gyara, yaran da ke kwance a ɗakin ne ke shan wahalar.

Mene ne ya lalata ta?

Wannan ita ce tambayar da ke raba gardama, kuma ita ya kamata a fara yi kafin a yi maganar kuɗi. Lalacewar kaya a gidan haya iri biyu ce. Akwai tsufa, wato abin da shekaru da rana da damshi da amfani na yau da kullum ke jawowa ko da an kula da abu yadda ya kamata. Akwai kuma ɓarna, wato abin da ya faru saboda ganganci ko sakaci ko hatsari daga ɗan haya, ko iyalinsa, ko baƙinsa, ko dabbar da yake kiwo. A mafi yawan dokokin haya, gyaran tsufa yana wuyan mai gida, domin kuɗin hayar da yake karɓa ya riga ya ƙunshi tsufan kayansa, gyaran ɓarna kuma yana wuyan ɗan haya.

Wannan rabo ya daɗe, kuma ba na ƙasa ɗaya ba ne. Malaman fiƙihu sun ce abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya wuce iyaka ko ya yi sakaci. A Jamus, sashe na 535 na kundin dokar farar hula ya wajabta wa mai gida ya riƙa kula da gidan yadda zai ci gaba da amfanuwa, sashe na 538 kuma ya wanke ɗan haya daga tsufan da amfani na halal ya kawo. A Faransa, wata doka ta 26 ga Agusta 1987 ta lissafa ƙananan ayyukan da ke kan ɗan haya, har da shafa wa hinji mai da ƙananan gyare-gyaren mariƙin ƙofa. Dokoki sun bambanta a ƙananan abubuwa, saboda haka ya kamata kowa ya nemi sanin dokar haya ta inda yake zaune, ya kuma karanta takardar yarjejeniyarsa.

Yadda ake karanta yaguwa

Raga tana nuna abin da ya same ta ga wanda ya tsaya ya duba da kyau, kuma wannan shi ne abin da ya fi dacewa ɗalibi ya koya a darasin nan. Ku je bakin ƙofar da rana, ku da mai gida ko wakilinsa, ku duba tare.

Ragar zaren gilashi, wadda ke da laushi kamar ta roba, idan ta tsufa takan koɗe, ta yi fari-fari, ta bushe. Sa ɗan yatsa ka danna a hankali a wani wuri nesa da yaguwar. Idan ta tsage nan take ko zarenta ya marmashe, to rana ce ta cinye ta, kuma ko ba a taɓa ta ba da sannu za ta ɓule. Ragar alminiyam takan fitar da wani farin gari a jikinta, ta ƙarfe kuwa tsatsa ke cin ta, yawanci daga ƙasa inda ruwan sama ke fantsama. Idan firam ɗin katako ne, ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Wanda gara ta ci ko damshi ya ruɓar da shi yakan yi ƙara kamar fanko, kuma ƙusa ba ta zama a jikinsa. Ƙofar da ta sunkuya tana gogar ƙasa saboda hinji ya gaji, da sifirin da ya saki bayan shekaru, duk alamun tsufa ne, kuma gyaransu na mai gida ne.

Ɓarna kuwa kamanninta daban. Za ka ga sauran ragar da ƙarfinta, amma wuri ɗaya ya kumbura waje kamar ciki, daidai tsayin hannun yaro ko gwiwar babba, domin an saba tura ƙofar ta jikin raga maimakon a kama mariƙi. Za ka ga dogayen layuka a jere daga ƙasa inda kyanwa ko kare ya yi ta karta da farce, ko yaguwa mai kusurwa inda ƙafar gado ko gefen kujera ya soke ta ranar da ake shigar da kaya, ko ɗan rami mai baƙin baki inda wuta ta taɓa. Wanda ya ga irin wannan a ƙofarsa, ya fi masa mutunci ya ce, “Wannan daga wajena ne, zan gyara,” tun kafin a tambaye shi.

Akwai lokutan da abin ba ya rabuwa da sauƙi. Iska mai ƙarfi na iya fizgar ƙofa ta karya hinji. Idan ƙofar a rufe take da sakata iskar ta ɓalle ta, ba laifin ɗan haya ba ne. Idan kuwa ya bar ta a buɗe tana ta kaɗawa alhali hadari ya taso, sakaci ya shigo. Idan ɓarawo ne ya yanka raga, ɗan haya ya sanar nan da nan, kuma a bisa adalci bai kamata a ɗora masa ɓarnar wanda bai gayyata ba. Haka kuma tsohuwar raga da yaro ya ƙarasa da hannu: a ganina ba daidai ba ne a sa ɗan haya ya biya kuɗin sabuwa dungurungum a madadin wadda dama ta kusa ƙarewa, kuma raba kuɗin gyara tsakanin su biyu ya fi kusa da gaskiya.

Ranar shiga gida

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Yawancin rigimar ƙofar raga ana iya kashe ta tun ranar da aka karɓi makulli. Kafin ka shigar da kaya, ka zagaya da mai gida, ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, ka ɗauki hoton ragar da waya daga nesa da kuma daga kusa, sannan a rubuta halin da take ciki a takarda, misali, “Ƙofar ragar falo tana da ɓula biyu a ƙasa, sakatarta kuma ba ta kamawa.” Ku sa hannu ku biyu, a rubuta kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya zo da wanda ya amince da shi ya karanta masa yarjejeniyar a bayyane, kuma kada ya ji kunyar cewa a maimaita masa sakin layin da ya shafi gyara.

Ka lura da wani abu a cikin yarjejeniyar. Wasu masu gida kan rubuta cewa ƙananan gyare-gyare na ɗan haya ne. Ka tambaya a fayyace maka abin da ake nufi da ƙarami, kuma ko sauya raga gaba ɗaya na ciki, a rubuta amsar. Idan kuma gidan ba shi da ƙofar raga kana so ka sa da kuɗinka, ka nemi izini a rubuce kafin a huda bango, a kuma yanke tun a lokacin ko za ka cire ta ka tafi da ita ranar tashi, ko za ka bar ta a rage maka wani abu. Ƙofar da ka sa da kanka, kai za ka riƙa gyara ta, sai dai in an yi wata magana daban.

Sanar da mai gida

Ko da gyaran na mai gida ne, akwai nauyi ɗaya da ba ya sauka daga kan ɗan haya, shi ne sanarwa da wuri. Mai gida ba ya kwana a ɗakin, ba zai san hinji ya saki ba sai an faɗa masa. Wanda ya yi shiru wata uku har ƙofar ta faɗo ta tsaga firam, ana iya cewa ƙarin lalacewar daga shirunsa ta zo. Faɗa da baki yana da kyau, amma ka bi shi da rubutu, ko wasiƙa ko saƙon waya, domin baki kan manta. Ga misali da za ku kwafa a littafinku:

“Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina sanar da kai cewa ragar ƙofar ɗaki na 2 ta yage daga ƙasa saboda tsatsa, kuma hinjin sama ya saki. Na lura da haka ranar 3 ga wannan wata, ga hotuna nan na haɗo. Sauro na shigowa da dare, ga kuma yara a ɗakin. Ina roƙon a turo mai gyara cikin kwana 7. Ana samuna a gida kowace rana bayan ƙarfe 4 na yamma. Na gode. Ni ne ɗan hayarka na ɗaki na 2.”

Wasiƙar ta faɗi abin da ya lalace, da ranar da aka gani, da dalilin gaggawa, da lokacin da mai gyara zai sami shiga, kuma babu zargi ko zafin harshe a cikinta. Kafin mai gyara ya zo, kana iya toshe ɓular da kanka: ka yanko ƙyallen raga da ya fi ramin faɗi da kamar santimita 3 ta kowane gefe, ka ɗora a kai, ka ɗinke da siririyar waya ko zare mai ƙarfi. Ka ɗauki hoto tukuna, don kada facin ya ɓoye shaidar tsufa.

Idan kwanakin sun cika ba a zo ba, ka sake rubutawa ka ambaci wasiƙar farko. Kuskuren da 'yan haya suka fi yi a nan shi ne su kira kafinta, su biya, sannan su zare kuɗin daga na haya ba tare da an yarda ba. A wurare da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin ƙin biyan cikakken kuɗin haya, sai mai gaskiya ya wayi gari shi ne mai laifi. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka kawo ƙiyasin mai gyara, mai gida ya amince a rubuce cewa ka gyara a cire daga haya, ka kuma karɓi rasit ka ajiye. Idan ya ƙi gyarawa kuma ya ƙi yarda ka gyara, sai a nemi mai shiga tsakani, ko a kai kuka ga hukumar da ke kula da sha'anin haya.

Shi ma mai gida akwai abin da ya hau kansa bayan biyan kuɗi. Ya sanar da ɗan haya ranar da mai gyara zai zo, kada a faɗo wa iyali ba zato. Ya sa raga mai ƙananan idanu, domin mai manyan idanu ƙuda kawai take tarewa. Ƙa'idar kula da gine-gine da birane da yawa a Amurka ke bi ta ce kada idanun raga su gaza 16 a kowane inci, wato santimita 2 da rabi, kuma ƙofar raga ta kasance tana da abin da ke rufe ta da kanta. Wannan ma'auni ne mai amfani ga kowa: ka ɗora rular makaranta a kan ragar ka ƙirga. A kuma duba gefen ƙofar da ƙasanta bayan an gama, don raga sabuwa ba ta da amfani idan akwai tazarar yatsa tsakanin firam da bango.

Ranar tashi daga gida, a fito da takardar ranar shiga da hotunanta a kwatanta. Idan an karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, abin da ɗan haya ya lalata kaɗai za a cire, tare da nuna masa rasit, tsufan shekarun da ya zauna kuwa ba ya cikin lissafi.

Aikin yi

Wata mata ta shekara 6 a gidan haya. Ragar ƙofarta ta koɗe tana marmashewa, kuma makon jiya ɗanta ya jingina da ita ta ɓalle daga firam. Babu takardar ranar shiga. Ku tattauna da na kusa da ku abin da za ku fara dubawa a jikin ƙofar da yadda za ku raba kuɗin gyaran, sannan kowa ya rubuta wasiƙar da za ta aika wa mai gidan, kada ta wuce jimla 6.