Yadda ake ɗaukar fitowar barkwancin soyayya a salon Wes Anderson

Duk wanda ya kalli Moonrise Kingdom, fim ɗin da darakta Wes Anderson ya fitar a 2012, abin da ke fara kama idonsa shi ne komai na zaune daram a tsakiyar hoto, kamar an auna shi da tef. Labarin wasu yara ne biyu 'yan shekara 12, Sam da Suzy, da suka tsere tare a wani ƙagaggen tsibiri a shekarar 1965, manya suka bazama nemansu. A jihar Rhode Island ta Amurka aka ɗauke shi, Robert Yeoman ne mai ɗaukar hoto, kuma a kan zaren fim mai faɗin milimita 16 ya yi aikin. Ginshiƙin salon awo ne da kame fuska, shi ya sa mai ƙaramin jari ma zai iya gwada shi da waya.

Fara da bango. Nemi ɗaki mai ƙofa ko taga a tsakiya, ka kafa kyamara tana fuskantar bangon kai tsaye, ba ta karkata ko'ina ba. Ɗauki tef ka auna daga bakin kyamara zuwa kusurwar dama, ka auna zuwa ta hagu. Sai awon biyu sun zo ɗaya kafin ka ɗaure ta. Kar ka dogara da ido a nan. Kuskuren santimita biyar ko shida ba ya fitowa a allon waya, amma a babban allo za a ga layin silin ya gangara gefe guda, hoton ya zama bai daidaita ba kuma bai karkata da gangan ba, wanda shi ne mafi muni. Tsayin kyamara ya zo daidai da idon jarumi. In ka ɗaga bakinta sama ko ka sunkuyar da shi, layukan ƙofa za su matse kamar za su haɗe. Kunna layukan raba allo, ka kuma duba da ma'aunin ruwa irin na magina. Mai amfani da waya ya tsaya a kan 1x, wato girman hoto na asali, domin 0.5x mai faɗaɗa hoto yana lanƙwasa gefensa, yana kumbura fuskar wanda ya matso kusa.

Motsin kyamara kaɗan ne: ta zame gefe a kan layi miƙaƙƙe, ta matsa gaba sak, ko ta juya da sauri digiri 90 ta tsaya cak. A farkon Moonrise Kingdom da irin wannan zamiya da juyi aka zagaya gidan su Suzy ɗaki bayan ɗaki. Juyin gaggawan ne ke ba mutane wuya. Sai da ƙafar kyamara mai kai mai santsi, kuma ka tsaya jikinka na fuskantar inda za ka ƙare, ka murɗa ƙugu zuwa inda za ka fara. Ta haka jiki ke komawa mazauninsa, hannu ba ya zarce wuri. In ya zarce ka dawo da shi, dariyar ta mutu, domin dariyar tana cikin tsayawar ne: saurayi ya faɗi magana, kyamara ta fizga, sai ga mahaifin yarinya tsaye bakin ƙofa tun ɗazu. A ƙasashen da wutar lantarki ke kan hertz 50, wato tana jujjuyawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Najeriya da Nijar, ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto, ya zama 1/50 na daƙiƙa, don kada fitilu su riƙa ƙyaftawa.

Launi kuwa tun a kasuwa ake yanke shawararsa. Zaɓi uku, ka hana na huɗu shiga. A fim ɗin ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa na kayan sikawut, ƙungiyar yaran da Sam yake ciki, sun mamaye, sai rigar Suzy mai ruwan hoda ta fito fili. Bokitin roba shuɗi ɗaya a bayan jaruma ya isa ya ɓata wannan tsari, kuma wurin tace fim ba zai cire maka shi cikin sauƙi ba. Kulle ma'aunin farin haske, wato saitin da ke daidaita launi a kyamara, kafin ka fara, in ba haka ba waya za ta riƙa sauya launin bango da kanta tsakanin ɗauka da ɗauka.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wasan jarumai. Wanda ya saba da barkwancin zare ido da ɗaga murya zai so ya nuna wa mai kallo cewa abin dariya yake faɗa. Hana shi. Ya faɗi maganar soyayya da fuskar mai karanta takardar kotu, ya gama, ya yi shiru daƙiƙa biyu yana kallon gaba. Amma a cikin ransa dole ya yarda da abin da yake faɗa. Sam da Suzy da gaske suke, shi ya sa mai kallo ke dariya yana kuma tausaya musu. Jarumin da ya kame fuska alhali zuciyarsa ba komai, gunki kawai za a gani. Hanya mai sauƙi a wurin gwaji: bari ya yi fitowar da dukan motsin da yake so sau ɗaya, sannan a sake, kana rage masa hannu, sai gira, sai murya, har ya rage ido kaɗai ke aiki.

Kayan hannu su ɗauki rabin labarin. Wasiƙa, akwati a buɗe, taswira: shimfiɗa su a tebur, ka ɗauke su daga sama sak, ka jera su da tazara iri ɗaya. Haske ya zo daga gefe, in ba haka ba inuwar kyamara za ta faɗa kan takardar. Rubutun wasiƙar a yi shi da hannu, manya-manya, a bar shi a allo har mai karatu a hankali ya kai ƙarshen layi.