Babi na Bakwai: Kafin Ka Hau Dandamalin Gini

Darasi na ɗaya: katakon da za ka taka

Ɗan'uwa, karanta a hankali, ba sauri muke ba. Kalmar da ta yi maka wuya, sa yatsa a kanta ka maimaita.

A wuraren da muke aiki, da gora ake ɗaura dandamali, ko a jera durom biyu a ɗora katako a kai. Katakon nan baki biyu gare shi. Idan ba a ɗaure ba, kana taka ƙarshensa sai ɗaya bakin ya ɗaga sama, ka zube ƙasa, kwanon siminti ya biyo ka. Faɗuwa daga mita 2 ma tana karya baya, tana kisa.

To, ɗaure bakin dama. Ɗaure bakin hagu. Da igiya, ko waya, ko ka buga ƙusa. Sannan ka riƙe gora, ka sa ƙafa ɗaya ka danna. Ya motsa? Sauko ka sake ɗaurewa. Madalla, haka ake yi.

Mu sake. Baki nawa? Biyu. Nawa za ka ɗaure? Biyu. An matsar da katakon gaba don a ci gaba da jera bulo? To, sabon ɗauri: dama, hagu, danna.

Haba jama'a! A aji kowa ya ce ya gane, a wurin aiki kuma sai birkila ya ɗaure baki ɗaya ya ce, "Ai yanzu zan sauko." Wani ya ce oga na sauri, wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shi ogan ne zai kwanta wajen mai ɗori? Allah ya ce tashi in taimake ka. Baki biyu nake faɗa!

Darasi na biyu: gindin gora

Da damina ƙasa tana laushi, gora ta nutse. Shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashinta. Kada ka sa bulo, fashewa yake yi. Buhun siminti kilo 50 ne, kada lebura ya jibge buhuna a wuri guda a kan dandamali.

Darasi na uku: tsani

Idan zai kai mita 4 a bango, janye gindinsa mita 1. A ɗaure kansa.

Darasi na huɗu: idan wani ya faɗi

Kada a ciccibe shi, kada a juya wuyansa. A Najeriya a kira lambar gaggawa, 112.