Ziyarar Degel, Mahaifar Nana Asma'u, Daga Garwa

Wanda ya tashi daga Garwa ta ƙasar Kamaru da niyyar ganin Degel, inda aka haifi Nana Asma'u wajen 1793, wadda ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, sai ya ƙetara zuwa Yola da takardunsa, ya canza sefa zuwa naira, sannan ya bi ta Kano har Sakkwato. Degel tana arewa da birnin, a yankin Gwadabawa.

Kada a sa ran ganin katafaren gida, domin jama'ar Shehu Usmanu, mahaifin Nana Asma'u, sun bar garin tun hijirar 1804. A fara gaida dattawan wurin, a roƙi wanda zai nuna kufan, kuma a ganina tafiyar hunturu ta fi sauƙi. Kabarin Nana Asma'u kuwa yana Hubbare, cikin Sakkwato.