Yadda ofishin samar da aiki zai haɗa hannu da sauran masu taimaka wa matasa

Ofishin FNE, wato hukumar samar da aiki da gwamnatin Kamaru ta kafa a 1990, yana yi wa masu neman aiki rajista a Garwa, Marwa da Ngaundare, amma matsalar matashi ba ta tsayawa a teburin ofis ɗaya. Wani ba shi da takardar haihuwa, wani ya iya walda amma babu jari.

Ku ma'aikatan ofishin, ku fara da rubuta sunayen masu taimaka wa matasa da ke kusa: cibiyoyin koyon sana'a, ofishin magajin gari, ƙananan bankunan lamuni, ƙungiyoyin teloli da makanikai. A kowane wuri a samu mutum guda da lambar wayarsa. Idan aka ce wa matashi "je ka wurinsu" kawai, yakan tsaya bakin ƙofa, mai gadi ya sallame shi, ya koma gida.

Takardar turawa ta ɗauki sunansa, abin da ya iya, abin da ya rasa, da ranar da ake jiransa. Ku karanta masa ita da Hausa ko Fulatanci kafin ya sa hannu, domin da yawa ba sa karanta Faransanci, kuma bai kamata bayanansa su fita ba da izininsa ba. Bayan mako guda a kira a ji ko ya isa.

Maganar takardu ita ce farko. Babu takardar haihuwa, babu katin ɗan ƙasa. Babu kati, banki ba zai buɗe masa asusu ba. Wanda aka horar wata shida kafin a gyara wannan, zai gama ya zauna.

Masu ɗaukar ma'aikata kuma a tambaye su hannun da suke bukata tun kafin a buɗe aji.